Shekarar da Baba Ya Ji Tsoron Mutuwa

Mahaifina ya zo zama da ni a Salaga ne bayan ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi kuma ya fara yi masa wuya. Kafin nan shi kaɗai yake zaune a gidanmu na Bawku tun rasuwar mahaifiyarmu. Wata maƙwabciyarsa ce ta kira ni a waya, ta ce ta tarar da shi zaune a bakin famfo da bokiti a gabansa, ya kasa ɗagawa, ya kuma kasa tashi ya koma gida. Washegari na rufe shagon ɗinkina na hau mota. Sai da na yi kwana huɗu ina lallashinsa kafin ya yarda ya biyo ni, shi ma da sharaɗin da zarar ya ji sauƙi zan mayar da shi. Na ce to. Mu biyun mun san ba haka za a yi ba.

Mu Kiristoci ne, amma a zango muka tashi, cikin Musulmi, da Hausa a bakinmu. Baba ya yi aikin katikis fiye da shekara talatin. Katikis shi ne mai riƙe coci idan fasto ba ya nan, a ƙauyukan da ke kewaye da Bawku kuwa sai a yi wata biyu ba a ga fasto ba. Shi ke koyar da masu neman baftisma, shi ke sulhunta mata da miji, shi ke zuwa duba marasa lafiya. Amma abin da aka fi saninsa da shi jana'iza ce. Duk inda Kirista ya mutu, rani ko damina, za ka ga Baba a kan kekensa, da farar riga da ɗan littafin addu'a a aljihu. Muryarsa ba ta rawa a bakin kabari. Yakan ce wa mutane su dubi ƙwayar gero, sai an binne ta a ƙasa take tsirowa, haka mu ma za mu tashi. Ranar da muka binne mahaifiyarmu ma shi ya yi addu'ar da kansa, mu muna ta kuka, shi ko hawaye bai yi ba. Na girma ina ɗaukan akwai mutum ɗaya a duniya wanda mutuwa ba ta ba shi tsoro, kuma shi ne ya haife ni.

A Salaga ɗaki biyu muke haya a gidan wata Hajiya, tsohuwa daga zuriyar fataken goro, wadda 'ya'yanta ke cinikin doya da hatsi. Mijina direba ne, yana kai doya kudu, sai ya yi mako biyu ban gan shi ba. 'Ya'yanmu sun girma sun watse. Saboda haka jinyar Baba a kaina ta faɗo ni kaɗai.

Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinsa. Aka hana shi gishiri. Aka ba shi ƙwayoyin da ke sa shi fitsari kamar ba zai daina ba. Bai iya kwanciya a miƙe, sai a zaune kan kujera da matashi uku a bayansa. Da safe in dafa ruwa in yi masa wanka, in shafa masa man kaɗanya a ƙafafun da suka yi sulɓi suna sheƙi, in dama koko, in wanke zannuwan da ya ɓata, in shanya. Kafin in zauna rana ta take. Na ɗauko keken ɗinkina daga shago na ajiye a baranda don in riƙa jin motsinsa. Masu kawo ɗinki suka fara raguwa, don ba na cika alkawari, kuma ban ga laifinsu ba. Wata rana na tsinci kaina a tsaye a tsakiyar kasuwa da tumatir a hannu, na manta abin da na zo yi.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsoron.

Ban gane shi da wuri ba. Da farko dai ya hana a rufe ƙofar ɗakinsa, ko da iska na shigo da ƙura. Sannan ya daina barcin rana. Sai ka ga kansa yana rinjaya, ido ya rufe, sai ya zabura ya kama hannun kujera kamar wanda zai faɗa rami. Sai kuma kira. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini tun ina yarinya.

“Uwata!”

In bar ɗinki in leƙa. “Na'am, Baba. Me kake so?”

“Ba komai. Kina nan?”

“Ina nan.”

Kafin in gama layi ɗaya na ɗinki ya sake kira.

Wata rana bayan azahar aka yi rasuwa a unguwa, wani mahauci da muke gaisawa. Maza suka ɗauko makara za su wuce ta ƙofar gidanmu zuwa maƙabarta. Baba yana zaune a baranda. Na zaci zai cire hula ya sunkuyar da kai yadda ya saba yi wa kowace gawa, ta Musulmi ko ta Kirista. Sai na ga ya juyar da fuskarsa bango. Ya ce in mayar da shi ɗaki. Ranar bai ci abinci ba.

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji haushi, irin na wanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

Bayan kwana biyu ina guge leshin wata mata da za ta sa a bikin suna, ya kira ni sau uku a jere. A na ukun na bar dutsen guga a kan yadin na ruga, ina tsammanin ya faɗi. Na same shi zaune lafiya lau. Kafin in dawo leshin ya ƙone. Na koma ɗakin da ƙonannen yadin a hannuna, na faɗi abin da har yau nake da-na-sanin faɗa.

“Baba, wai me ke damunka ne? Kai da ka shekara talatin kana gaya wa mutane kada su ji tsoro? Ko duk ƙarya kake yi mana?”

Ya dube ni. Bai yi fushi ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Ya ce, “Ba ƙarya na yi ba.” Ya tsaya ya nemo numfashi. “Amma lokacin ba ni ne zan shiga ramin ba.”

Na fita bayan gida na yi kuka, rabi don shi, rabi don leshin, rabi don kaina, in dai ana iya raba abu haka.

Hajiya ta ji mu, don a gidan haya ba abin da ke ɓuya. Washegari da hantsi ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin Baba, ta zauna da casbi a hannu. Ta ce mini, “Ɗiyata, je ki kwanta. Ni zan amsa masa.”

Ban yi barci ba, ina jin su ta bango. Ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Ta ce, “Malam, ba sauƙi, ni da kai mun wuce wannan.” Sannan ta ba shi labarin mijinta, wanda ya je Makka sau biyu, ya koyar da karatu a zaure har tsufa, amma da ajalinsa ya matso ya riƙe zanenta yana kuka kamar yaro. Ta ce ita a lokacin ta raina shi, sai yanzu da nata ƙashin ya fara sanyi ta gane.

Baba ya ce, “Ke ma kina ji, Hajiya?”

Ta ce, “Kullum da asuba. Mu mun ce za a tashi, ku kun ce za a tashi. Amma kafin a tashi ai sai an kwanta. Kwanciyar ce ba wanda ya saba da ita.”

Na ji Baba ya yi 'yar dariya, ta farko cikin watanni, tari ya katse ta. Daga ranar kusan kullum Hajiya takan zauna da shi awa guda. Ba ta taɓa cewa ya bar addininsa ba, shi ma bai taɓa yi mata wa'azi ba. Yawanci hirar farashin goro suke yi, da mutanen da.

Haka muka yi shekara guda da 'yan watanni. Da zafin bazara ya shigo jikin ya rikice. Ruwan ya hau har ciki, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Ƙanena, wanda ke koyarwa a wata makarantar sakandare a Yendi, ya zo ya gan shi, ya gan ni ni ma. Ya ce, “Yaya, kin ga yadda kika koma kuwa? Ku taho Yendi. Akwai likitan da na sani, kuma matata za ta kama miki.” Ban yi gardama ba, ba ni da ƙarfin yi.

Muka bi hanyar Bimbila a motar haya, Baba a gaba an kwantar masa da kujera rabi, ni a baya na riƙe kafaɗarsa duk ramin da muka faɗa. A Yendi aka kwantar da shi a ɗakin maza na asibiti. Gado goma sha biyu, fanka biyu ke aiki. Aka zuƙe masa ruwa, ya ɗan samu sarari. Ni kuwa tabarma na shimfiɗa a barandar asibitin tare da sauran masu jinya, matan Dagomba da na Konkomba, muna raba ruwan sanyi da labarin marasa lafiyarmu da guntun yaren da kowa ya iya.

A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani manomi, ba ya jin Hausa sosai, amma sukan ɗaga wa juna hannu da safe. A rana ta biyar, wajen ƙarfe goma, ma'aikatan jinya suka zo suka ja labule suka kewaye gadon mutumin. Baba ya san ma'anar wannan labule fiye da kowa, ya sha tsayawa a bayansa. Ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Muka zauna haka har aka turo gadon ƙarfe mai ƙara aka fita da gawar. Sai da yamma shatin yatsunsa ya ɓace daga hannuna.

Makon Ista ne, lokacin da muke tunawa da mutuwar Yesu da tashinsa. Ranar Juma'a wani matashin fasto daga cocin ƙanena ya kawo masa jibin Ubangiji. Yaron kirki ne, mai fara'a, mai babbar murya. Ya ce ya ji labarin aikin Baba, ya ce mutum irinsa ai sai murna, kambi na jiransa, mutuwa ba ta da iko a kansa. Baba ya saurara, ya karɓi gurasa da ruwan inabi, ya yi godiya. Da faston ya fita ya rufe ido ya ce, “Haka nake yi a da?”

Na ce, “Kai muryarka ba ta kai haka ƙarfi ba.”

Ya ce, “Allah ya gafarta mini.”

Washegari Asabar, da rana tsaka, ɗakin ya yi tsit saboda zafi, har ƙudaje sun gaji. Ina yi masa fifita da kwali. Ya ce in matso, akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarmu. Ya faɗe shi ne guntu-guntu, yana hutawa tsakanin jimloli.

Ya ce wata shekara, lokacin muna ƙanana, aka yi ruwa mai yawa, rafi ya cika ya ci gefen maƙabartar wani ƙauye. Aka aiko masa. Da ya je ya tarar kabari uku sun buɗe. Ɗaya na wani abokinsa ne, mai waƙa a coci, wanda shi da kansa ya binne shekara shida kafin nan. Mutanen ƙauye suka ƙi taɓawa, don haka shi ya shiga taɓo ya tsince ƙasusuwan ya zuba a buhu. Ya gane abokin nasa da haƙorin gaba da ya karye. Bai samu duka ba, ruwa ya tafi da wasu.

“Na sake binne abin da na samu,” ya ce. “Na yi addu'a, na yi musu maganar gero. Amma a kan keke ina komawa gida na ce a raina, gero na gan shi ya tsiro da idona. Mutum ban taɓa gani ba. Wanda ruwa ya kai rabinsa kogin Volta, ta ina za a haɗa shi?”

Na ce, “To ka daina gaskatawa ke nan?”

“A'a. Na ci gaba. Kaina ya yarda, bakina ya yarda. Jikin nan ne bai taɓa yarda ba. Da ina da ƙarfi ina danne shi. Yanzu shi ya fi ni ƙarfi.”

Ni tela ce, ba ni na yi karatun ba. Na ci gaba da fifita.

Can ya ce, “Yau wace rana?”

“Asabar.”

“Jiya aka kashe Yesu, gobe zai tashi. Yau yana ina?”

Na ce, “Yana kabari.”

Ya gyaɗa kai. “Shekara talatin ina wa'azin Juma'a da Lahadi, ban taɓa yin na yau ba. Yini guda cur yana kwance a rami, an rufe da dutse, jikinsa ya yi sanyi kamar na kowa. Kafin su kama shi ma sai da ya ji tsoro, ya roƙa a ɗauke masa, ya nemi abokansa su zauna kusa da shi.” Ya ja numfashi. “To in shi ya ji, ni wane ne? Ba inda za a sa ni da bai riga ni kwanciya ba. Shi ya san hanyar fita. Ni ban sani ba, ba kuma sai na sani ba.”

Na ce, “Yanzu tsoron ya tafi?”

Ya ce, “Yana nan. Ki ci gaba da fifitar.”

Ranar Lahadi matar ƙanena ta karɓe ni, ta ce in je coci. Na sa zanen da na zo da shi na tafi. Coci ya cika, mata da fararen kaya, ana kaɗa ganguna. Na samu benci a baya na jingina da bango. Ban ji karatun ba, ban ji wa'azin ba. Barci ya kwashe ni tun waƙar farko. Sai da ake waƙar ƙarshe na farka, wata tsohuwa da ban sani ba ta tallafe kaina a kafaɗarta, kowa na tsaye yana shelar cewa ya tashi. Na buɗe baki in yi tare da su, murya ta ƙi fita. Na zauna ina kallonsu kawai, na bar su suna faɗa a madadina.

Bayan Ista likita ya kira ni da ƙanena ofis, ya ce sun yi iyakar abin da za su iya. Baba bai jira mun gaya masa ba. Ya ce a kai shi gida, kusa da matarsa yake so a sa shi.

Ƙanena ya ƙi. Muka fita ƙarƙashin bishiyar darbejiya muka yi ta musu. Ya ce hanya ba ta da kyau, tsohon zai mutu a mota. Ya ce Bawku ba lafiya, an sake sa dokar hana fita, sojoji ko'ina. Ya ce a nan akwai asibiti, can me za mu yi masa? Duk gaskiya ya faɗa.

Na ce, “A nan ɗin me za su yi masa?”

Ya ce, “Yaya, ke kin gaji ne kawai, so kike a gama.”

Na ɗaga hannu zan mare shi, na fasa, don akwai gaskiya a ciki. Na gaji. Akwai safiyar da nakan tashi in ji numfashin Baba, in gode wa Allah, a lokaci guda kuma wani abu a cikina ya ce, har yanzu? Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai ga ƙanena ya faɗa a fili. Sannan shi ya fara kuka, ya ce in yafe masa, shi bai iya kallon Baba haka ba ne. Washegari shi da kansa ya nemo motar.

Muka tashi da sassafe tare da ƙanena ta hanyar Gushegu. Tafiyar yini ce, rana na dukan motar, Baba na numfashi da baki. Sau biyu muka tsaya na zaci ya tafi. Da muka kai gangaren dutsen Nakpanduri, inda hanya ke sauka a karkace ƙasa duka ta buɗe a gabanka, ya ce a ɗaga shi. Ya kalli filin nan mai faɗi, gonaki a share ana jiran ruwa, gidajen ƙasa a warwatse. Ya fara kiran sunayen ƙauyuka da Kusasanci, yaren mutanen yankin, yana nuna su da haɓa, ko daidai yake nunawa ko ba daidai ba. Sojoji suka tsayar da mu a shinge uku. A na ƙarshe wani ya leƙo ya ga tsohon, ya ɗaga mana hannu ba tare da ya tambayi komai ba. Muka shiga gari kafin la'asar, warin albasa ya tarye mu daga kasuwa.

Gidan ya yi ƙura, ɓeraye sun ci katifa. Maƙwabta suka zo da tsintsiya da ruwa kafin mu nema. Labari ya bazu cewa katikis ya dawo, mutane suka fara zuwa da rana, suna komawa da wuri saboda dokar. Wasu daga ƙauye suka zo a ƙafa. Yawancinsu abu ɗaya suke faɗa: kai ka binne mini uwa, kai ka binne mini ɗa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta ce maganar da ya yi a kabarin mijinta ita ta riƙe ta shekara ashirin. Baba ya ce mata, “Ki yi mini addu'a, ina jin tsoro.” Ta ɗago ta dube shi da mamaki. Sannan ta kama hannunsa ta yi, da Kusasanci, doguwa.

Kwana tara ya yi a gida. Ruwan farko ya sauka a na takwas. A na taran da safe, bayan na goge masa jiki, na ga numfashin ya canza, yana yi yana tsayawa. Na aika a kira ƙanena daga kasuwa.

Na sha jin mutane a coci suna ba da labarin iyayensu, wai sun tafi da murmushi, wai sun ga haske. Ban ce ƙarya suke yi ba. Na Baba dai ba haka ya zo ba. Ya sha wuya. Idonsa a buɗe, yana neman iska, yana neman fuskata.

“Uwata.”

“Ina nan, Baba.”

“Faɗa mini.”

Na san abin da yake nufi. Na fara shaidar bangaskiya, wadda shi ya koya mini ina 'yar shekara bakwai. Ƙanena ya shigo da gudu ya durƙusa ya kama tare da ni. Leɓen Baba na motsi, sauti ba ya fita. Da muka kai ƙarshe, wurin tashin matattu da rai na har abada, ya matse hannuna. Ya ce, “Kuma.” Muka sake. Muka sake har sau huɗu ko biyar. A cikin na ƙarshen ne na lura hannun ya saki. Ban tsaya ba sai da na kai amin.

Muka binne shi kusa da mahaifiyarmu, ƙasa da danshin ruwan shekaranjiya. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka taya haƙa kabarin, suka tsaya daga gefe har aka gama. Katikis ɗin da ya gaje shi ya yi addu'a, muryarsa na rawa, sau biyu yana ɓata layi. Na leƙa ramin sosai kafin a rufe. Rami ne kawai, mai zurfi, da saiwoyi a gefe. Ban ji wata ta'aziyya ta sauko mini ba. Gajiya na ji, tun daga wuya har tafin ƙafa. Amma da aka ce za mu sake ganinsa, na ce amin, kuma ba don mutane na faɗa ba.

Na koma Salaga ta Bolga da Tamale. Mijina ya tarye ni a tasha. Na yi kwana uku ina barci, Hajiya na aiko mini da tuwo. Na fi wata ina jin ana kirana daga ɗaki, in ajiye almakashi in miƙe kafin in tuna.

Bara na je asibiti saboda jiri da ciwon kai. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta duba, ta sake ɗaurawa. Ta tambaya ko akwai mai ciwon zuciya a danginmu. Na ce akwai. Ta ce jinina ya hau sosai, daga yau magani kullum, in rage gishiri. Na fito da ƙwayoyin a leda, na tsaya a bakin titi. Na ji tsoron nan na Baba ya taso mini, na gane shi sarai. Na samu benci a gaban shagon wata mai sayar da hatsi na zauna. Na ce a raina, Ubangiji Yesu, ka san wannan, ga ni. Ban iya ƙara komai ba.

Matar ta ba ni ruwa a kofi, ta tambaya ko lafiya. Na ce rana ce. Na zauna har bugun ƙirjina ya lafa. Sannan na tashi, don akwai kayan makaranta guda shida da na yi alkawarin gamawa kafin Litinin, ko yanka su ban yi ba.